Kunama a gaban kyamarar waya

Manhajojin gane ƙwari irin su Google Lens, Seek da iNaturalist ba su san dafi ba, kamanni suka sani. An horar da su ne da miliyoyin hotunan da mutane suka ɗauka aka rubuta sunayen abin da ke ciki. Idan ka haska wa ƙwaro kyamara, sai manhajar ta laluba wanda ya fi kama da shi ta ba ka suna, wani lokacin ta duba yankin da kake don ta rage zaɓi.

To, a nan gizo ke saƙar. An fara iNaturalist a Kalifoniya a 2008, kuma har yau yawancin hotunanta daga Amurka da Turai suke fitowa. Kunamar Agadez ko ta Katsina ba ta da hotuna masu yawa a rumbun manhajar, ga shi kuma kunamu jajaye-jajaye sun yi kama da juna ƙwarai, har masana sai sun sa madubin ƙara girma kafin su bambance wasu. Wadda ake kira Leiurus, mazauniyar Sahara, tana iya kashe ƙaramin yaro, alhali a hoto mai duhu da kyar za ka raba ta da wadda harbinta zafi ne kawai. Duwu kuwa, baƙar ƙatuwar nan mai manyan hannuwa da ke firgita kowa, dafinta bai kai na Leiurus ba. Siraran hannuwa da kaurin wutsiya su ne abin tsoro.

Saboda haka idan za ka ɗauki hoto, ɗauka daga sama, da haske, hannuwa da wutsiya su fito sarai. Ka jawo hoton daga nesa, kada ka kai hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya tsaya jiran waya alhali an riga an yi harbin. Ko da sunan ya yi daidai, manhajar ba ta san nauyin yaron da aka harba ba, ba ta ga gumin da ke keto masa ba. Amai, dalalar yawu, karkarwa ko sarƙewar numfashi duk alamu ne cewa dafin ya bi jiki. Yaro ƙarami ma ba a jira su bayyana: a wanke wurin, kada a tsaga, kada a ɗaure, a nufi asibiti nan take. Hoton kuma a nuna wa likita idan an isa.