Budurwa Tsakanin Zaɓin Kai da Biyayyar Iyaye a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

A labaran gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, maza ne taurari. Sai a 1980, da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, marubuciya mace ta fito da budurwa, wato Boɗaɗo, wadda ta zaɓi mijinta alhali danginta Fulani suna ƙyamar bare.

2.0 Wa Zai Auri Jahila?

Balaraba Ramat Yakubu ta faɗaɗa wannan jigo a 1990. Mahaifin Abu ya cire ta daga makaranta, saurayinta ya guje ta saboda rashin ilimin boko, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu Kano, amma a hannun dangi ta sauka, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

3.0 Kammalawa

Idan aka lura, auren dole Abu ta bijire wa, ba ta yanke zumunci ba. Ke nan, a wannan littafi ilimi ne ya ba ɗiya mace damar ƙin zaɓin iyaye ba tare da ta fita daga dangi ba.