Barci da zafin bazara a Guna

Magabata sun kira barci ƙanin mutuwa, saboda ganin yadda mai barci ke kwance ba ji ba gani. Amma da likitoci suka duƙufa ga binciken al'amarin, sai suka tarar gaɓoɓi ne ke hutawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana can tana hidima. A shekarar 1953, a Jami'ar Cikago ta Amurka, Nathaniel Kleitman da ɗalibinsa Eugene Aserinsky suka lura akwai lokacin da idanun mai barci ke kai da komo ƙarƙashin fatarsu, wanda in aka tashe shi a daidai nan, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Ashe barci hawa-hawa ne: daga gyangyaɗi a gangara ga mai nauyi, wanda in an katse shi mutum ya yi ta magagi, sa'an nan a shiga na mafarki, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu ko biyar kafin asuba. A cikin wannan zagaye jiki ke gyara abin da ya gaji, ƙwaƙwalwa kuma ta kafe abin da aka koya, shi ya sa almajirin da ya biya allonsa da dare kan wayi gari haddarsa ta zauna.

Abubuwa biyu ke jawo barci. Na farko wani sinadari ne, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum na farke, har ya rinjaye shi. Na biyu agogo ne da Allah ya halitta cikin jiki, wanda ke bin hasken rana: in magariba ta yi, duhu ya shigo, sai jiki ya saki sinadarin melatonin, ɗuminsa kuma ya fara sauka kaɗan, domin barci ba ya samun mazauni sai jiki ya huce.

A nan ne mutanen Guna, ta ƙasar Mirya, da sauran talakawan Damagaram ke shan wahalar da ba a cika lissafa ta ba. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke wuce awo 40, bangayen ƙasa su yini suna shan rana, su kwana suna amayar da ita, har matashi ya jiƙe da gumi, jiki ya rasa inda zai zubar da ɗuminsa. Saboda haka uwargidan da ke yayyafa ruwa a tsakar gida bayan isha'i, ta shimfiɗa wa yara tabarma a waje, aikin likita take yi ko da ba ta sani ba. Haka kuma ƙailula, wadda malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kanta, ba lalaci ba ce, domin bayan azahar jiki da kansa kan nemi barci. In ta gajarta sai ta rage wa manomi bashin barcin daren jiya, ba tare da ta taɓa na daren da ke tafe ba. Tun da daɗewa Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun, ya lissafa barci da farkawa cikin sababai shida na larura da lafiya ta dogara a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne shayin dare. Samarinmu a fada sukan ɗora buta a gawayi, su sha na fari da na biyu da na uku, wani ya haɗa da goro, alhali sinadarin kafeyin da ke cikinsu ba ya kawar da adenosin, toshe masa ƙofa kurum yake yi, kuma bayan kimanin sa'a biyar rabinsa na nan cikin jini. Baligi na bukatar sa'a bakwai ko fiye, ga shi kiran assalatu ba ya jiran kowa. Gajiyar da aka danne tana nan daram, sai ta ritsa da mutum a gona, ko a aji, ko kuwa, Allah ya kiyaye, yana riƙe da sitiyari a kan hanyar Damagaram zuwa Kano.