Ziyarar birnin Rum cikin rahusa: Abin da ya kamata abokan tafiya su sani

Birnin Rum, hedikwatar ƙasar Italiya, na cikin biranen Turai da masu yawon buɗe ido suka fi yi wa tururuwa, kuma jama'a da dama na ganin sai mai hannu da shuni ne zai iya kai masa ziyara. Sai dai mafi yawan kuɗin baƙo na tafiya ne a masauki da abinci da kuma tarar da ake cin wanda bai san doka ba, domin wuraren tarihi da dama kyauta ake shiga, wasu kuma da ɗan kuɗi kaɗan.

Ga matafiyi daga Najeriya, lissafi na farawa tun daga biza. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Schengen ya koma yuro 90 ga baligi, kuma ba a mayar da shi idan an ƙi bayar da bizar. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000.

Masauki da sufuri

A nan ne tafiyar abokai ke da riba. Mutum huɗu ko biyar da suka kama gida mai ɗakin girki suka raba kuɗin, galibi sun fi samun sauƙi a kan waɗanda kowa ya kama ɗakinsa a otal. Amma hukumar birnin na karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani a intanet, don haka ya dace a tambaya tun kafin a biya.

Daga filin jirgin sama na Fiumicino, jirgin ƙasa na Leonardo Express na isa tashar Termini cikin kimanin rabin sa'a, amma motocin bas sun fi shi araha sosai ga wanda ba ya gaggawa. A cikin gari kuwa, tsohon birnin a dunƙule yake, ana iya zaga shi da ƙafa. Wanda ya hau bas da tikitin takarda lallai ne ya buga shi a na'urar da ke cikin motar, in ba haka ba jami'an bincike za su ci shi tara ko da tikitin na hannunsa.

Zaɓen ranar tafiya

A ranar Lahadin farko ta kowane wata, gwamnatin Italiya na buɗe gidajen tarihinta kyauta, ciki har da Kolosiyum, katafaren dandalin wasannin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Gidajen tarihin fadar Paparoma ta Batikan kuma kyauta ne a Lahadin ƙarshe ta wata. Abokan da tafiyarsu ta haɗa ƙarshen wata da farkon mai kamawa na iya cin gajiyar ranakun biyu, muddin za su yi sammako su kuma jure dogon layi.

Shiga Majami'ar Waliyi Bitrus kyauta ne, da sharaɗin tufafi su rufe kafaɗu da gwiwoyi. Ginin Pantiyon, wanda ya kusa shekara 1,900, an fara karɓar yuro 5 a ƙofarsa a watan Yulin 2023. Babban Masallacin Rum, da aka buɗe a 1995 a arewacin birnin, na cikin mafiya girma a yammacin Turai.

Ci da sha

Akwai famfunan ruwan sha kimanin 2,500 a titunan birnin, waɗanda ake kira nasoni, don haka gora ɗaya ta isa a daina sayen ruwa. Shan gahawa a tsaye a gaban kanta ya fi araha a kan zama a teburi, musamman kusa da wuraren tarihi. Shaguna da yawa na yanka fiza su sayar bisa awo, gwargwadon aljihun mai saye. Musulmi su lura cewa taliyar carbonara da amatriciana, waɗanda birnin ya shahara da su, da naman alade ake haɗa su. Ana samun naman halal a kasuwar Esquilino da ke kusa da Termini.

Dokoki da lissafi

Tun 2019 aka haramta zama a kan Matakalar Sifaniya, kuma tarar na farawa daga yuro 250. Haka nan ana cin tarar wanda ya shiga ruwan maɓuɓɓugar Trevi. 'Yan sane kuma na fakon baƙi a cunkoson jirgin ƙasa da bas, don haka kada a tara kuɗin tawaga da fasfo a jakar mutum ɗaya.

Tun da sabo da kaza ba ya hana yanka, ya kamata abokai su yi magana a kan kuɗi tun daga gida: nawa kowa zai zuba a asusun haɗaka na masauki da cefane, da kuma abin da kowa zai biya da kansa, kamar tsaraba da tikitin wurin da ba kowa ke son shiga ba.