Tayar da tsohon keken kaya mai taya uku: inda ya kamata kuɗi su fara shiga

Da zarar damina ta fara janyewa a watan Oktoba, garejojin masu gyaran babur a Funtua da Malumfashi sukan cika da keken kaya mai taya uku, wanda gabansa babur ne, bayansa bodi. Shi ne ke kutsawa gonakin Bakori da Danja da Kafur ya kwaso masara da waken suya da auduga daga inda mota ba ta iya kai tayarta. Sabonsa ya yi wa ƙaramin manomi nisa tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. Shi ya sa samari da dama suka koma neman tsofaffin da aka jingine a bayan gida, su saya da araha, su tayar.

Sai dai yawancin wanda kuɗinsa suka ƙare kafin keken ya hau hanya, ba tsadar kaya ce ta kayar da shi ba. Fara gyara daga inda bai dace ba ne. Saurayi ya sayi fenti da sitika da fitila mai walƙiya da lasifikar Bluetooth, sannan ya gano shasi ya tsage a ƙarƙashin bodi.

Kafin a ɗauki sifana, takarda ce farko. Lambar shasi da lambar inji su dace da rasit, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu. A yankin da matsalar tsaro ta sa ake sa wa babura ido, abin hawa marar takarda na iya kwana a ofishin 'yan sanda duk kyan gyaransa. A ɗauki hoton lambobin da takardun da waya, a ajiye kwafi a Google Drive ko imel.

Daga nan sai ƙarfe. A sauke bodi, a wanke laka, a bi shasi da fitilar waya, musamman wuyan da ke riƙe tayar gaba da wuraren da sifirin ke zama. Tsagewa ƙarama mai walda zai ɗinke ta ya ƙara mata faranti. Amma shasin da ya lanƙwashe har keken na tafiya a karkace, barinsa ya fi. Haka bak-aksil: a ɗaga bayan keken, a juya taya ɗaya da hannu, a saurara. Gurnani ko jijjiga na nufin boris ko haƙoran giyan ciki sun ci, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa.

Injin, abin mamaki, shi ne ya fi sauƙin sha'ani. Yawancin waɗannan kekuna ƙirar China ce, kuma injinsu, mai cc 150 ko 200, jikan Honda CG125 ne, wanda kamfanin ya fitar a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da canjin baƙin mai a kan lokaci ba. Inji ne mai haƙuri, kuma duk makanikin da ya taɓa buɗe babur ɗan acaɓa ya san cikinsa. Fistin da ringi da gaskit da kafireto ana samunsu a shagunan Funtua. Abin da ya yi wuya kuma a nemo a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna.

Filogi kaɗai na ba da labari mai yawa. In bakinsa launin ƙasa-ƙasa ne, injin na ƙona mai daidai. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa, wataƙila kafireto ko matatar iska ta toshe da ƙura. In baƙi ne mai danshi, baƙin mai na haurowa, ringi ya gaji. In ya yi fari, iska ta fi mai yawa, injin na zafi fiye da kima. Sau da yawa wankin kafireto da tanki da sabon filogi sun isa su tayar da injin da ya shekara a kwance, ba sai an buɗe shi ba.

Wutar lantarki ce ke sa mutane sayen kayan da ba su lalace ba. An canza CDI, an canza kwil, ashe waya ce ɗaya ɓera ya ci. Ƙaramar na'urar awon wuta, irin ta masu gyaran waya, tana kashe wannan caca. Lafiyayyen batir a zaune yakan nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki ya haura zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In bai haura ba, ba batir ne mai laifi ba, caji ne ba ya zuwa. Kuma kafin a cire kowace waya, a ɗauki hotonta a inda take. Bidiyon gyara na YouTube, ko da da harshen Hindi ko Urdu ne, hannun mai aikin ake kallo. Gara a sauke shi a waya, domin sabis ba abin dogaro ba ne a ƙauye. Mutanen Funtua da Malumfashi ba su manta katse layukan waya na watan Satumba 2021 ba.

Abin da gyara ba ya sauyawa shi ne halin taya uku. Babur yana kwantawa cikin kwana, keke ba ya iyawa, don haka nauyi ke tura shi waje har tayar ciki ta ɗaga. Amurka ta ga wannan da kuɗinta. A 1970 Honda ta fitar da wani babur mai taya uku na shiga daji, wanda daga baya aka sani da ATC, ya kuma yi farin jini a gonaki da wuraren wasa. Kifewa da mace-mace, har da na yara, suka yi yawa, sai a 1988 kamfanonin suka amince da gwamnati su daina sayar da sababbinsa. Keken kaya ya fi ATC tsawo da faɗi, kuma bak-aksil ɗinsa na barin kowace tayar baya ta juya da saurinta a kwana, abin da yawancin ATC ba su da shi. Amma ATC bai taɓa ɗaukar masara ba. Buhu goma masu kilo 100 tan guda ke nan, kuma in aka jera su sama-sama a kan hanyar da ruwa ya zaizaye gefenta, kifewa ba ta buƙatar gudu.

Saboda haka birki da taya ba wurin tsumulmula ba ne. Fitila ko kujera ko madubi na hannu ba laifi. Takalmin birki da wayarsa kuwa sababbi, a daidaita na bayan biyu su kama lokaci guda, in ba haka ba keken zai fizge gefe ɗaya. Tayoyin baya su zama iri ɗaya, iskarsu ɗaya. Wasu kan ƙara ganyen sifirin don keken ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa; sifirin zai jure, amma birkin da aksil ɗin na nan yadda suke.

Gwajin farko a yi shi babu kaya, a fili. Na biyu da buhu uku ko huɗu a shimfiɗe a ƙasan bodi, an matso da su gaba. Bayan tafiyar 'yan kilomita a tsaya, a kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa ko boris ɗinta na neman giris, kuma a koma gareji kafin a nufi kasuwar Dandume da lodi.