Madubi, Gilashi da Ƙura: Kafin Ka Sayi Kyamararka ta Farko

Kwanakin baya ɗan yayana ya shigo mini gida bayan sallar isha'i, kyamara rataye a wuya, fuska a murtuke. Wata bakwai ya yi yana tara kuɗinta daga ɗan abin da yake samu a shagon gyaran waya, kuma daren da ya gabata ya fita da ita aikinsa na farko, dinar bikin wani abokinsa.

"Baffa, cutata aka yi," ya ce, yana miƙo mini ita. "Jabu suka sayar mini."

Na zauna ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ya ɗauka da la'asar a ƙofar gidan ango tas suke, har zaren aikin hula ana gani. Na cikin zauren taro kuwa sai ka ce ta bayan hazo aka leƙa: amarya ta ɗaga hannu, hannun ya zama uku. Na shiga ɗaki na ɗauko wani tsohon gilashina mai milimita 50, na cire nasa na ɗaura wannan, na ce ya ɗauki ƙanwarsa da ke wucewa da tiren shayi a ƙarƙashin ƙwan fitila guda. Ya danna, ya duba, ya yi shiru. Har tururin shayin ya fito.

Kyamararsa lafiyarta ƙalau. Gilashin da aka haɗo masa da ita a kwali, mai lamba 18-55, shi ne bai iya duhu ba. Idan aka zuƙo hoto da shi zuwa ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, alhali nawa yana buɗewa har f/1.8. Lambar tana raguwa, ƙofar tana faɗaɗa, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun kusan ninki goma ce ta haske. Inda nasa zai tilasta wa kyamara ta bar labulenta a buɗe kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, lokacin da ya isa hannun amarya ya motsa, nawa zai gama aikin a kusan kashi ɗaya cikin 150. Da mai koyo zai riƙe wannan lissafin kafin ya shiga kasuwa, da rabin wahalarsa ta ƙare. Galibi kuwa jikin kyamara ake zuba wa duk kuɗin, gilashi a karɓi duk wanda aka bayar.

Irin wannan kyamara da ake kira DSLR, sirrinta madubi ne. Hasken da ya shigo ta gilashin gaba yana cin karo da wani ɗan madubi da aka kishingiɗar a ciki, ya tura shi sama zuwa tagar da kake ɗora ido, don haka abin da kake gani shi ne ainihin abin da gilashin ke gani. Kana danna maɓalli madubin ya yi tsalle sama, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan sensa, wato farantin da ya maye gurbin fim. Wannan ƙarar "ƙas" da yara ke so su ji a wurin biki, tashi da saukar madubin ne. A da sai manyan 'yan jarida ke iya mallakar irinta. A shekarar 2003 ne Canon ya fitar da EOS 300D a kan dala 999 har da gilashinta, daga nan talaka ma ya fara sa rai, Nikon ya biyo da irin su D40 a 2006.

Yanzu rana ta yi wa wannan fasaha la'asar. Manyan kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, Nikon ya daina ƙera D3500 da D5600, sai Pentax ne ya nace wa madubi. Wani zai ce to me zai kai mutum sayen abin da ake bankwana da shi? Ni kuwa a ganina wannan ce ribar mai koyo. Ƙwararru a Turai da Amurka da Japan suna ta sauke tsofaffin kayansu don su koma sabon yayi, kayan suna gangarowa kasuwanninmu a matsayin na hannu, farashinsu ya sauko. Hoton da kyamara ta iya ɗauka a 2018 ba ta mance shi ba don an ƙera wata a bana. Ga kuma batir: da yake tagar leƙen ba ta cin wuta, D3500 kan ɗauki hoto kusan 1,550 a caji ɗaya bisa gwajin masana'anta. Wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure a ƙauyen da babu lantarki ya san darajar wannan.

Batun megafiksel ba ya buƙatar dogon zance, duk da shi masu shago suka fi ɗaga murya a kai. Megafiksel 24 yana nufin ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda ya isa a wanke hoto mai kusan santimita 50 ba tare da ya fashe ba. Ko mai 18 ta wadatar. Abin da ya raba kyamarar da waya shi ne girman sensa: ta ƙananan Nikon milimita 23.5 ce da 15.6, ta Canon 22.3 da 14.9, kuma wayar da ake taƙama tana da megafiksel 108 sensarta ba ta kai rubu'in wannan ba.

Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne bakin kyamara, wurin da gilashi ke ɗaurewa. Kowane kamfani da nasa, kuma ba sa shiga na juna. Bakin Nikon mai suna F tun 1959 yake, na Canon mai suna EF tun 1987. Duk wanda ka zaɓa, kamar aure ne: ka shiga dangi, kuma fita tana da tsada, domin jikin kyamara za ka iya canzawa bayan shekara uku, gilasai kuwa su za su bi ka. Shi ya sa idan matashi ya tambaye ni Canon ko Nikon, nakan mayar masa da tambaya: wanda zai koya maka aiki wacce yake riƙewa? Wa zai ara maka gilashi ranar hawan sallah? Mai gyara a garinku wacce ya fi sabawa da ita, kuma batirin wacce ake samu a kasuwarku? Gardamar wanne ya fi fitar da kala, wadda ake kwana ana yi a majalisar masu hoto, ban taɓa ganin ta ciyar da kowa ba.

Sai dai araha ba ta ado, kuma kamfanonin sun iya rage kaya ta inda ido ba ya kaiwa. Ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsohon gilashi mai alamar AF-D zai ɗauru amma sai dai ka murɗa da hannu. Nemi mai AF-S. D3300 ta 2014 tana da kafar makirfo, tana kuma girgiza sensarta ta kakkaɓe ƙura, abubuwa biyu da aka cire daga D3400 da D3500 da suka zo bayanta. Ga mai son haɗawa da bidiyo, tsohuwar ta fi. A ɓangaren Canon, 4000D bakinta na roba ne, sannan ita da 250D da wasu 2000D an fitar da su babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, abin da ke hana filasha mai araha ta wasu kamfanoni tashi. Mai aikin biki da dare ya je da filasharsa ya gwada a gaban mai shago. Ita 250D ta rama da allo mai juyawa da saurin kama fuska a bidiyo.

A kula da tsawon gilashi ma. Saboda ƙanƙantar sensar, mai milimita 50 a kan ƙaramar Canon yana matse hoto kamar 80, ya dace da fuskar mutum ɗaya amma a ɗakin amarya sai ka manne da bango. Don cikin ɗaki, 35 f/1.8 na Nikon ko 24 f/2.8 na Canon sun fi sakewa.

Idan ta hannu za ka saya, ba a cinikin biri a sama. Tafi da katin ajiyarka. Labulen ƙananan kyamarori an ƙiyasta masa buɗewa kusan sau 100,000; Nikon kan rubuta adadin da aka yi a cikin bayanan kowane hoto, na Canon sai da manhaja a kwamfuta. Wadda ta yi 20,000 yarinya ce, wadda ta haura 90,000 ta sha bukukuwa. Sannan ka matse ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton: ɗigon ƙura kaɗan ana gogewa, amma zane dogo yana nufin wani ya taɓa kankare sensar da tsumma. Cire gilashin, ka haska fitilar waya ta bayansa. In ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce da danshi ya haifar, ajiye masa kayansa. Leƙa ɗakin batir ko akwai tsatsa, ka dubi kusoshin jiki ko sun sha sukudireba.

Kayan ƙasar sanyi ne aka kawo ƙasar ƙura, dole a lallaɓa su. A lokacin hunturu kada ka canza gilashi a fili, balle a filin hawa inda kofaton dawaki ke tayar da ƙasa. Shiga mota ko zaure, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura da baki, 'yar robar hura iska ba ta da tsada. Da damina kuma kada a kulle ta a jaka mako da makonni.

A lissafin kuɗi, ni da zan raba abin da ke hannun mai koyo, jiki da gilashin kwali ba za su wuce kashi biyu cikin uku ba. Ragowar ta tafi ga gilashi mai faɗin ƙofa, batir na biyu da kati mai kyau, don jabun kati ya fi jabun komai yawa a kasuwa, kuma shi ne ke cinye hotunan biki gaba ɗaya.

Ɗan yayan nawa ya fasa mayar da kyamarar. Ya ce in ara masa gilashin na kwana biyu, akwai suna a gidan maƙwabcinsu. Yau sati biyar ke nan, ko na kira sai ya ce, "Baffa, saura biki ɗaya."