Bulon Gilashi: Haske Yana Shiga, Amma Iska Fa?

Duk ɗan Arewa da ke nema a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun, babban abin da ke ransa shi ne ya ga ya kafa gidan kansa, ko a nan Kurmi, ko kuwa can gida inda iyali suke. Ginin nan kuwa ba rana ɗaya ake yin sa ba. Bana a buga bulo, baɗi a yi rufi, sa'an nan a zo kan maganar ƙofa da taga. To, a nan ne waɗansu sukan tuna da wani abu da suka gani a gidajen Ikeja da Ikoyi, wato bulon gilashi, su ce lalle sai an sa musu irinsa.

Dalilin sha'awar a fili yake. Haske yana ratsa bulon nan, amma wanda ke waje ba ya ganin na ciki. Magabata sun yi maganin wannan matsala da 'yar ƙaramar taga can sama kusa da azara, ɗaki ya zauna da duhu amma iyali suna cikin sutura. Yanzu da filaye suka matse, benen maƙwabci yana leƙen tsakar gidan mutum, abin da zai ba da haske ba tare da labule ba dole ya shiga rai. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu ba ta ratsa shi, ɓarawo kuma ba ya zare shi kamar yadda yake zare fallen gilashin taga. Sai dai a sani, akwai mai santsi wanda ake gani ta cikinsa, akwai mai zanen igiyar ruwa. Na biyun shi ne na makewayi, kuma ko shi, in an kunna fitila da dare ana ganin inuwar mutum.

Ba sabon abu ba ne. Wani mai zanen gini a ƙasar Suwizalan, Gustave Falconnier, shi ya fito da bulon gilashi mai rami a shekarun 1880, ana hura shi kamar kwalba. A birnin Paris an gina wani gida tsakanin 1928 da 1932 wanda bangon gabansa kusan duk na gilashi ne. Irin wanda ake sayarwa yau kuwa ɓari biyu ne ake zubawa dabam, a haɗa bakinsu tun suna da zafi su manne, a bar rami a tsakiya. Wannan rami shi ke rage ƙarar titi da zafin da ke ratsawa. Wanda aka fi samu a kasuwar kayan gini ta Orile a Ikko, ko Ƙofar Ruwa a Kano, tsawonsa santimita 19, faɗinsa 19, kaurinsa 8, nauyinsa ya ɗara kilo 2 kaɗan. Guda 25 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya.

Sunan bulo da aka ba shi shi ne ke yaudarar magina. Bulon gilashi ba ya ɗaukar nauyin gini ko kaɗan. Dole a zuba linta a saman tagar da rodi, a bari ta bushe, ta yadda nauyin bango zai sauka a gefe da gefe. Maginin da ya ɗora bulon siminti kai tsaye a kan gilashi, ya ce ai yana da ƙarfi, wata rana za a ji ƙas, a ga tsaga ta ratsa daga sama har ƙasa.

Haka kuma ba ya yankuwa. Bulon siminti in ya yi tsawo sai a sare shi da cokali, wannan kuwa sai dai a fasa. Saboda haka bulon ake fara saye, a auna ramin taga da shi. Tsakanin kowane biyu ana barin santimita 1 ta kwaɓi, wato guda huɗu a jere za su ci santimita 79, sai a ƙara 'yar rata a gefe biyu da sama. Ratar nan ba siminti ake cusa mata ba. Ana sa mata soso ko roba mai laushi, a shafe bakinta da silikon, domin gilashi da bango kowa yana motsawa da zafin rana da sanyin dare, kuma ba tare suke motsawa ba. Mai gidan da ke Kurmi yana aika kuɗi gida, ya kamata ya aika da awon nan a rubuce tun ana kan bango, kuma ya sayi rarar guda biyu ko uku, don hanyar Ikko zuwa Kano ba ta da tausayin gilashi, samun mai zane iri ɗaya daga baya kuma yana da wuya.

Sai maganar kwaɓi. Bulon siminti yana shan ruwa, gilashi ba ya sha. In magini ya yi kwaɓin da ya saba, mai ruwa-ruwa, bulon zai riƙa zamewa, layi ya karkace. Ana son kwaɓi mai tauri, da yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, masu hali kuma sukan yi da farin siminti don kyan gani. A jera layi uku ko huɗu a dakata ya kama, kada a ce sai an gama a yini ɗaya. In tagar tana da girma, a shimfiɗa siririn rodi a cikin kwaɓin tsakanin layuka, a shigar da bakinsa cikin bango, amma kada ƙarfe ya taɓa gilashi. A Ikko da Fatakwal, inda damshi da iskar teku ke cin ƙarfe, rodin da ba ya tsatsa ake nema, domin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga abin da ke kewaye da shi. Kafin kwaɓi ya daskare a goge fuskar bulon da jiƙaƙƙen soso. In aka bari ya kwana, sai kankara, kankara kuwa tabo take bari.

Duk wannan aikin magini ne. Abin da ke wuyan mai gida shi ne ya tuna cewa tagar nan ba ta buɗewa. Ƙa'idar gini a Ingila, ƙasar sanyi ke nan, ta nemi tagar da ke buɗewa ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin 20 na faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ke nan yana bukatar kimanin murabba'in ƙafa 7 a buɗe, balle a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Wanda ya toshe ɗakin kwanan 'ya'yansa da gilashi yana dogara da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ran da aka ɗauke wuta ya san abin da ya gina. Likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa yana taimakon sanƙarau a lokacin bazara, cutar da ta kashe fiye da mutum dubu 10 a Nijeriya a 1996, yawancinsu a Arewa. Ga hayaƙin gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, ga gobara, Allah Ya kiyaye, wadda in ta tare ƙofa sai a nemi taga.

Saboda haka wurinsa shi ne matakalar bene, da lungun da ke tsakanin ɗakuna, da bangon da ke fuskantar gidan maƙwabci, da zaure in yana da duhu. A makewayi da madafa a bar mafitar iska a samansa, in ba haka ba bango zai yi fumfuna, musamman a Kurmi. A guji bangon yamma, domin gilashin yana ɗaukar zafin la'asar ya riƙe shi har bayan isha'i. In kuwa lalle sai an sa shi a ɗakin kwana, to ya zama ƙari a kan taga mai buɗewa, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, yadda iska za ta shiga ta fita.