Kwanakin da Ba Sa Cikin Kuɗin Kujera

Maniyyaci daga Dogon Dawa ya kan ɗauka cewa tafiyarsa tana farawa ne ranar da jirgi ya ɗaga daga Kaduna. A gaskiya tana farawa tun kwanaki kafin nan. Kuɗin kujera ya ƙunshi jirgi da masauki da abinci a ƙasa mai tsarki, amma babu wanda zai shirya masa kwanakin da ke gabanin tashi da na bayan dawowa sai shi da kansa.

Duba hanyar tukuna. Mutumin Dogon Dawa ko dai ya gangara Birnin Gwari ya bi ta Buruku zuwa Kaduna, ko ya haura Funtuwa ya biyo ta Zariya. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 an samu sauƙi, motoci sun dawo hanya, amma mai hankali ba ya ratsa dajin da ke hanyar da dare. Ita kuwa sanarwar kiran maniyyata sansanin alhazai na Mando sau da yawa takan zo a ƙurarren lokaci, ga waya ba ko'ina take samun sabis ba. Saboda haka da zarar an fara jigila, kuma layin ƙaramar hukumarka ya matso, gara ka tare a Kaduna wajen ɗan'uwa, kwana biyu ko uku kafin lokaci. Ka ware kuɗin waɗannan kwanaki daban. Abin tausayi ne dattijo ya fara taɓa guzurinsa tun bai bar gida ba, don kawai an ɗage tashi.

Akwai kuma abin da ba ya karɓar gaggawa. Saudiyya tana son a yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isa, fasfo kuma ya kasance da sauran wata 6 a kansa. Wanda ya bar waɗannan sai ranar ƙarshe ya jawo wa kansa.

To, a can fa, ko mutum zai iya ƙara kwanaki? Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mai yawon buɗe ido a Turai yana iya rabuwa da ayarinsa ya ƙara mako guda idan bizarsa ta ba shi dama. Alhajin da ya tafi ta hannun hukumar alhazai ba haka yake ba: da ayari ya je, da ayari zai dawo, kuma wanda aka fara kaiwa shi ake fara kwasowa. Mai Umra ya fi samun sarari, zai iya daidaitawa da kamfanin da ya yi masa biza tun kafin a yanki tikiti, amma shi ma da iyaka. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sa 29 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe da masu Umra za su fice. Wanda ya zarce ya shiga sahun 'yan takari, hukuncinsa tara da kora, har da hana shi komawa. Duk son da kake yi wa Madina, bai kai ka rufe wa kanka ƙofarta ba.

Dawowa ce aka fi mantawa da ita. Jirgi yakan sauka tsakar dare, jiki ya gaji, ga tarin da kusan kowa ke kwasowa. Kwana ɗaya a Kaduna ya isa mutum ya huta, ya tabbatar jakarsa da ruwan Zamzam ɗinsa sun fito, sannan ya kama hanya da safe. 'Yan tarba su yi haƙuri, kada su matsa a taso da yamma.

Sai gona. Aikin Hajji yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan yana faɗowa ne a Mayu da Yuni, daidai saukar damina. Wanda zai yi sama da wata guda ba ya nan, a ƙasar masara irin tamu, dole ya bar iri da taki da kuɗin ƙwadago a hannun amintacce, ya kuma ƙara masa mako guda a lissafi, don ranar dawowa ba a hannunsa take ba.

Maniyyacin bana, kafin ka yi sallama da iyali, zauna da jami'in alhazai na ƙaramar hukumar Birnin Gwari ka ji tsarin jigila, sannan ka tsara kwanakinka a kansa.